Gwajin Malam a Kankiya

Na shekara talatin da 'yan kai ina koyar da Turanci a jami'a, yawanci ga waɗanda su ma za su je su koyar da shi. Duk wanda ya bi ta ajina zai gaya maka ba ni da sauƙi. Ɗalibai sun laƙaba mini sunaye a bayan idona, wasu na ji, wasu har yau ana jin nauyin gaya mini. Amma ba haka na fara ba. A farkon aikina akwai mutum ɗaya da na yi wa sauƙi.

A Kusada aka haife ni. Mahaifina malamin zaure ne, kuma da yake manyan ɗalibai sun yi masa yawa, sai ya damƙa karatuna na allo a hannun babban ɗalibinsa. Wannan ɗalibi shi nake kira Malam har yau. Shi kuwa bai taɓa kama sunana ba, ɗan Malam yake ce mini, don girmama mahaifina. Daga baya aka sa ni boko, na yi ta tafiya har jami'a, har na leƙa Ingila shekara guda na dawo da kwat da wani irin lanƙwasa harshe da ni kaɗai nake jin daɗinsa. Lokacin ban kai talatin ba, kuma ina ganin babu kamata daga Kankiya har Katsina.

Shi ma Malam bai zauna ba. Bayan samun 'yancin kai ya shiga ajin yaƙi da jahilci da gemunsa, ya iya boko, aka ɗauke shi malamin Arabiyya a firamare. Da ƙamus ɗaya da rediyo ya koya wa kansa Turanci. Da aka rasa wanda zai buɗe makaranta a Dudunni, shi ya je. Gida-gida ya bi yana roƙon iyaye, su kuma suka ba shi 'ya'yansu don sun san a zauren wa ya yi karatu. Daga gindin bishiya ya fara har aka yi ajujuwa shida, shi ne hedimasta.

Sai kuɗin mai ya shigo. Makarantu suka yi ta tsirowa, ko ina ka juya bulo ne da kwano, aka kuma fito da doka cewa duk hedimastan da ba shi da satifiket ɗin koyarwa zai sauka ya ba mai shi wuri. Aka sa wa'adi. Jami'armu ta buɗe kwas na dogon hutu don irin waɗannan malamai: hutu uku suna zuwa karatu, sannan a bi su a ga koyarwarsu a aji. Wanda ya faɗi wannan gwaji na ƙarshe babu satifiket, ko da ya cinye jarrabawar takarda. Ni aka ba darasin dabarun koyar da Turanci.

Ranar farko na shiga ina taƙama, na buɗe rajista ina kiran sunaye. Da na kai wani suna sai harshena ya sarƙe. Daga layi na uku wani dattijo mai farar hula ya miƙe tsaye, ya amsa da Turanci, "Sa." Malam ne. Ban san yadda na ƙarasa wannan lakca ba. Da aka tashi na bi shi bayan ginin inda ba kowa, na durƙusa na gaishe shi. Ya yi dariya ya ce in tashi kada in ɓata wando, a nan ni ne malam, shi ɗaukar karatu ya zo.

Dabarar da muke koyarwa a lokacin tana da tsauri. Ba a yarda malami ya furta kalmar Hausa ko ɗaya a ajin Turanci ba. Idan yara ba su gane ba, ya nuna da hannu, ya zana, ya kawo abin su gani, ko da zai yi rawa ne. Ba a son maimaitawa ta baki ɗaya, ana son yaro ya yi magana da kansa. Na yi imani da wannan dabara ɗari bisa ɗari, kamar yadda saurayi yake imani da duk abin da ya tsallaka teku ya koyo. Kowane mako ina fito da ɗalibai gaban aji su koyar na minti goma, in zauna in yi musu filla-filla. Na sa manyan mutane zufa, har da masu jikoki.

Amma ban da Malam. Idan layi ya kusa zuwa kansa sai in duba agogo in ce lokaci ya ƙure. Mako na gaba in fara daga wani gefen. Sau ɗaya tak ya fito, a hutun farko, shi ma don ya miƙe da kansa ne. Ya koyar kamar yadda ake yi a zaure: ya karanta layi, a maimaita, ya fassara kalma-kalma da Hausa. Duk abin da na hana, shi ya yi. Aji ya yi tsit ana jiran a ga yadda zan yi da shi. Na ce madalla, na kira na gaba. A takarda kuwa babu mai kama ƙafarsa. Mutumin da ya haddace littattafan fiƙihu, takardun lakcata wasa ne a wurinsa. Zai rubuta maka dabarar tsaf, da misalanta, kuma makin da ya ci a rubuce halaliyarsa ne, ban ƙara masa ko ɗaya ba. Ya ɗauka abin da ake rubutawa a jarrabawa daban, abin da ake yi a aji daban, ni kuma ban taɓa gaya masa ba haka ba ne. Duk lokacin da zuciyata ta tuhume ni sai in ce mata ladabi ne.

Da hutu na uku ya ƙare aka zo rabon masu bin ɗalibai, na yi kutun-kutun aka ba ni shiyyar Kankiya. Na ce don na san hanyoyin. Akwai layi a fom da ke tambaya ko kana da dangantaka da wani ɗalibi a shiyyar, na rubuta babu. Ai ba ɗan'uwana ba ne na jini, in ji ni. Shirina mai sauƙi ne: in zauna a bayan aji, in ba shi makin wucewa, kowa ya kama gabansa.

Saura mako guda aka sanar cewa bana mutum biyu za su auna kowane ɗalibi. Da na ga sunan da aka haɗa ni da shi, gabana ya faɗi. Wata babbar malama ce a sashenmu, 'yar kudu, Kirista, wadda kowa ke kira Madam. Ba ta da mugunta, amma ba ta san alfarma ba. A hanya ne ma na ji cewa a Kankiya ta yi ƙuruciyarta, mahaifinta ma'aikacin asibiti ne a can kafin yaƙin basasa. Tana ta nuna mini inda suke sayen rake da inda gidansu yake, da Hausarta garau, ni kuwa ina amsawa da to, to, hankalina yana wani wuri.

Mun isa ana gobe gwaji. Na bar ta a masauki, na ari babur na nufi Kusada bayan la'asar. Damina ta ƙare, an yanke gero an jingine, hanya duk ramukan da ruwa ya bari. Tun daga Kankiya nake tsara maganar a raina. Jimla uku ce kawai: kada ya yi Hausa, kada ya sa a maimaita baki ɗaya, ya bar yara su yi magana. Ko yaro zai iya isar da wannan saƙo.

Na same shi a zaure da takardu a gabansa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya yi wa mahaifina addu'a, wanda a lokacin shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Aka kawo fura. Ya miƙo mini tsarin darasin da zai yi gobe, a kan zuwa kasuwa, rubutu kamar an buga da inji. A takarda babu abin cewa. Na buɗe baki in faɗi jimlolin nan, sai na ji kaina ina ba da labarin wani malami a wani gari da aka kayar bara don ya yi Hausa a aji. Babu wani malami, ni na ƙirƙiro shi a nan take. Malam ya girgiza kai ya tausaya masa, ya ce wataƙila ya cika surutu ne. Na sake zagayowa ta wata hanya, na ce abokiyar aikina tana da tsanani. Ya ce haka ake so.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa. Ya riƙe kan babur ɗin, ya dube ni sosai.

"Ɗan Malam, kai ka ga koyarwata. Akwai gyara?"

Wallahi maganar tana kan harshena. Na dubi furfurar gemunsa, na dubi mutane biyu da ke zaune a dakali suna jin mu.

"Babu, Allah gafarta Malam," na ce.

Ya saki babur ya yi mini addu'a. Na koma Kankiya ina zagin kaina tun daga wannan ƙofa har masauki.

An tara masu gwajin ne a wata firamare a cikin Kankiya don a rage mana yawo, saboda haka kowa yaran da bai sani ba zai koyar. Sabon gini ne, yana warin siminti da fenti. Mutum bakwai za mu gani, Malam ne na huɗu. Kafin a zo kansa Madam ta riga ta kayar da ɗaya, saboda ya fassara kalma biyar ko shida kacal. Na ga lokacin da ta ja layi a ƙarƙashin makin.

Na shirya yadda zan shiga: kai a sama, fayil a hammata, gaisuwar baƙo. A jami'a na saba, domin ni nake fara shiga, shi kuma yana zaune cikin mutum arba'in. Amma da muka iso ƙofar aji biyar sai na gan shi tsaye, yara zaune a gabansa, yana jira. A haka na san shi tun ina shekara biyar. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka yi aikinsu. Kafin in farga na tuɓe takalma a bakin ƙofa, na shiga da safa, na rusuna har fayil ya kusa zamewa.

Yara suka dube ni. Madam, da ke bayana, ta dubi takalman, ta dube ni, ta tsallake su ta wuce bayan aji. Na so in koma in saka, na ga hakan ya fi muni. Na je na zauna kusa da ita a bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, sanyin siminti yana ratsa tafin ƙafata.

Malam ya fara da kyau, har na ji wani ɗan fata. Ya gaishe su da Turanci, ya fito da albasa da barkono da ɗan ƙullin gishiri daga aljihu ya jera a tebur. Ya ɗaga albasa ya yi tambaya. Shiru. Yaran ba su san shi ba, ga baƙi biyu a baya, ɗaya ma ba takalmi. Ya sake tambaya. Suka yi tsuru-tsuru. A nan ne ake son malami ya daure wa shirun, ya nuna, ya sake, ya jawo yaro ɗaya da wasa. Abu ne da ake koya da yi, kuma duk sauran 'yan ajinsa sun sha wannan wuya a gabana har sun saba. Shi bai taɓa ba. Na ga ya ajiye albasar a hankali, ya share hannu a riga, na san abin da ke tafe. A raina ina ta cewa kada, Malam, kada.

"To, ɗiyana, ku saurara in biya maku," ya ce da Hausa.

Biron Madam ya fara tafiya. Ya karanta layi, suka ɗauka baki ɗaya har kwanon rufi yana amsawa. Ya bi kalma-kalma yana fassarawa, da irin karin muryar nan ta zaure. Gaskiya ajin ya farfaɗo. Yaran suka sake, suna dariya, suna rige-rigen ɗaga hannu, kuma na tabbata sun gane labarin kasuwar nan sarai. Shekaru bayan haka, mu da kanmu muka sassauta wannan doka, muka yarda cewa harshen yaro ba abokin gaba ba ne a aji. Amma a ranar fom ɗin da ke kan cinyata bai san da wannan ba. Minti talatin da biyar na yi ina kallon agogo, ban rubuta ko harafi ba.

Da ya gama, Madam ta miƙe da ladabi ta nemi izni. Ta ɗauki barkono ta tambayi wata yarinya, da Turanci mai sauƙi, abin da za ta ce wa mai kaya idan tana son saye. Yarinyar ta karanto mata layin farko na allo. Ta tambayi wasu biyu, su ma haka. Ta yi wa Malam godiya, ta fita. Na bi ta, na tsaya a ƙofa ina ɗaura igiyar takalmi.

Sai da muka gama da sauran ukun ta yi mini magana. Ofishin hedimasta aka ba mu, ta rufe ƙofa, ta zauna.

"Wane ne shi a wurinka?" ta ce. Da Hausa ta yi tambayar.

Na fara kame-kame. Ta ce kada in wahalar da kaina, a garin nan ta girma, ta san ba a tuɓe wa ɗalibi takalmi. Sai na gaya mata komai, har da makarantar Dudunni da wa'adin da zai cika ƙarshen shekara. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ce ga yadda za a yi: kowa ya cika fom ɗinsa ba tare da ya ga na wani ba. Idan makinmu ya zo ɗaya, shi ke nan. Idan ya saɓa, dole maganar ta je gaban kwamiti, kuma idan aka tambaye ta ba za ta ɓoye abin da ta gani ba. Daga nan za a tono duk takardunsa na shekara uku, tunda ni na duba su, a ce alfarma ce. Na ji tsoron abin da zai same ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne a ce Malam ya ci jarrabawa da sanayya, shi da bai taɓa neman komai a wurina ba.

Ta tambaye ni sau nawa na ga koyarwarsa kafin yau, da abin da na ce masa. Na gaya mata. Ta ce cikin mutum bakwai ɗin nan babu wanda ya iya riƙe aji kamarsa, kuma abin da ya rage masa aikin mako biyu ne da an tsaya a kansa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki biro na cika fom ɗin bisa abin da na gani, na sa hannu. Makinmu ya zo ɗaya.

Ban yarda ya ji a wasiƙa ba. Kwana biyu bayan haka na je Dudunni. An tashi daga makaranta, na same shi a baranda yana duba waken da yara suka roro daga gonar makaranta, an shanya a tabarma. Ya shimfiɗa mini wata, muka zauna. Na gaya masa. Bai motsa ba. Ya ce in karanta masa rahoton, in kuma mayar masa da shi Hausa don kada wani abu ya wuce shi. Na karanta, layi-layi. Na ce ana iya sakewa baɗi. Ya ce ya sani, ya kuma san wa'adi ba zai jira baɗi ba, sai ya fara haɗa makullai don yaron da za su aiko ya gaje shi.

Ya ɗauki ƙwayar wake yana juyawa a tafin hannu.

"Abin ga da anka rubuta, tun yaushe ka san shi?"

"Tun hutun farko, Malam."

Ya gyaɗa kai.

"Mu arba'in ne. Kowa ka tsaya kanshi, ka wanke shi tas gaban jama'a. Ina zaune ina kallo, ina jin daɗi, ina cewa tawa na nan tahe. Ni kaɗai ka tsallake. Sai na ɗauka don na iya ne. Ashe dubawa ka yi ka ga tsoho ne, ba shi gyaruwa."

Na ce wallahi ba haka ba ne, kunya ce, nauyinsa nake ji.

"Na sani," ya ce. "Amma taka kunyar ka tsare, ɗan Malam, ba tawa ba."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokaci ba. Ya mayar da ƙwayar waken cikin sauran, ya dafa bango ya miƙe, ya zaro makullai daga aljihu. Ina zaune da rahoton a hannu ya bi ajujuwan nan shida yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, yana jijjiga kowane kwaɗo ya tabbatar ya kama.